Idan Alƙali Ya Yi Sassauci, Wa Zai Ɗaukaka Ƙara?

Mai karatu, a cikin watan Fabrairu na shekarar 1987 wani alƙali mai suna John Leonard ya zauna a babbar kotun laifuffuka ta birnin Landan, wadda ake kira Old Bailey, domin ya yanke wa waɗansu mutum uku hukunci. Abin da ya kawo su gabansa ya auku ne ran 6 ga watan Maris na 1986, a unguwar Ealing da ke yammacin birnin. Da rana tsaka suka faɗa gidan wani limamin coci mai suna Michael Saward suna neman kuɗi. Suka ɗaure limamin da saurayin 'yarsa, suka yi ta dukansu da sandar wasan kurket har suka fasa musu kai. Biyu daga cikinsu kuma suka yi wa 'yar gidan, Jill, mai shekara 21, fyaɗe.

Ga yadda hukuncin ya kasance. Jagoran ɓarayin, wanda bai sa hannu cikin fyaɗen ba, aka ɗaure shi shekara 14 saboda fasa gida da duka. Ɗaya daga cikin biyun da suka yi fyaɗen ya sami shekara 5 kan fyaɗe, da wata 5 kan fasa gida. Ɗayan kuwa shekara 3 aka ba shi kan fyaɗe, 5 kan fasa gida da duka. Wajen bayyana dalilinsa sai alƙalin ya ce wai azabar da yarinyar ta sha ba ta yi tsanani sosai ba.

Ko ɗan firamare ya iya wannan lissafi. A bisa ma'aunin kotun a wannan rana, ƙofar gida da kayan da ke cikinsa sun fi mutuncin 'yar gidan nauyi. Ƙasar Ingila ta ɗauki zafi. Jaridu suka yi ca, Firayim Minista Margaret Thatcher da madugun 'yan hamayya Neil Kinnock, waɗanda ba safai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, duk suka nuna rashin jin daɗinsu. To, amma duk wannan hayaniya ba ta ƙara wa masu laifin ko kwana ɗaya ba, don kuwa a duk faɗin ƙasar babu wata kotu da ke da ikon taɓa hukuncin. Da a ce alƙalin ya tsananta ne, masu laifin suna da hanyar kai kuka sama. Da yake sassautawa ya yi, magana ta ƙare.

Yaya aka yi ƙasar da take alfahari da tsarin shari'arta, har ta ɗora shi a kan ƙasashen da ta mulka, da mu a ciki, ta zauna da ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya kawai? Kafin a gane wannan sai an koma baya kaɗan.

Har farkon ƙarni na ashirin, wanda aka ɗaure a Ingila kan babban laifi ba shi da wata tabbatacciyar hanya ta ɗaukaka ƙara, sai dai ya roƙi afuwa ta hannun Ministan Harkokin Cikin Gida. Abin da ya tilasta gyara shi ne labarin wani mutumin ƙasar Norway mai suna Adolf Beck. An ɗaure shi a 1896 bisa zargin damfarar mata, ya yi zamansa ya fito, aka sake kama shi da irin wannan laifi a 1904, sannan aka gano ashe wani ne dabam yake aikata ta'asar, kama ce kawai ta ja masa. Aka yi masa afuwa, aka biya shi diyyar fam 5,000. Kunyar wannan al'amari tana daga cikin abubuwan da suka sa aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta laifuffuka a 1907. Saboda haka tun ranar da aka haife ta, kotun garkuwa ce ga wanda ake tuhuma. Kuskuren da ake tsoro shi ne a ɗaure marar laifi, ko a yi wa mai laifi hukuncin da ya wuce kima. Ba a kawo a rai cewa alƙali na iya karkata ta ɗaya gefen ba, ko kuma an kawo amma ba a ɗauke shi a matsayin zalunci ga kowa ba.

Dokar 1907 ta bar wata 'yar kafa guda. Idan fursuna da kansa ya kai kukan cewa an tsananta masa, kotun na iya dubawa ta ce a'a, sassauci ma aka yi maka, ta ƙara masa. Wato wanda ya je neman ƙiba yana iya samo rama. An yi ta sukar wannan da cewa yana tsorata masu gaskiya su fasa ɗaukaka ƙara, sai aka soke shi a 1966. Daga wannan shekara hukuncin babbar kotu ba ya motsi sai ƙasa.

Masu kare wannan tsari suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa ba a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya. Wanda ya tsaya gaban alƙali ya ji hukuncinsa ya fara ƙirga kwanaki, ba daidai ba ne a dawo da shi a ce an sake shawara. Ta biyu, a al'adar kotunan Ingila lauyan gwamnati ba ya roƙon a ɗaure mutum shekara kaza. Aikinsa ya gabatar da shaida ya koma ya zauna, auna hukunci na alƙali ne shi kaɗai. Ta uku kuwa, wadda ni a ganina ta fi sauran ƙarfi, ita ce tsoron kada jaridu da 'yan siyasa su zama su ne alƙalai, duk hukuncin da bai yi wa jama'a daɗi ba a yi ta ihu har sai an ƙara.

Abin da ya fara girgiza waɗannan hujjoji shi ne shari'o'in fyaɗe. A watan Janairu na 1982, a garin Ipswich, wani mutum ya amsa cewa ya yi wa wata yarinya 'yar shekara 17 fyaɗe bayan ta tsayar da motarsa da dare tana neman a rage mata hanya. Alƙali Bertrand Richards bai ɗaure shi ba, tarar fam 2,000 ya ci shi. Dalilinsa kuwa wai yarinyar ma da nata sakacin, tunda ta shiga motar baƙo cikin dare. Kalmar da ya yi amfani da ita aro ce daga shari'ar neman diyya, inda ake rage wa wanda mota ta kaɗe kuɗi idan shi ma bai duba hanya ba kafin ya tsallaka. Mai karatu ya dubi inda aka ɗauko wannan ma'auni da inda aka kai shi. Bayan 'yan kwanaki Babban Jojin Ingila, Lord Lane, ya yi amfani da wata shari'a dabam da ke gabansa ya bayyana cewa fyaɗe laifi ne da ke wajabta ɗauri nan take, in ba a wani hali na musamman ƙwarai ba. Magana ta yi kyau, amma mutumin Ipswich ya riga ya tafi gida.

A 1985 gwamnati ta gwada wani ɗan gyara mai raɓe-raɓe. Ta nemi a ba Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati, ikon miƙa wa Kotun Ɗaukaka Ƙara hukuncin da yake ganin an yi sassauci, domin ta faɗi ra'ayinta don amfanin gaba, ba tare da an ƙara wa mai laifin komai ba. Majalisar Dattawa ta masu sarauta, inda manyan alƙalai da lauyoyi suke da faɗa a ji, ta yi fatali da shi. Wasu sun ƙi shi don ya wuce gona da iri, wasu kuma don suna ganin wasan yara ne a tara manyan alƙalai su ce an yi kuskure alhali ba za su gyara ba.

Sai Lord Lane ya sake bi ta hanyar da yake da iko a kanta. A watan Fabrairu na 1986, a wata shari'a da aka sani da sunan Billam, ya shimfiɗa wa alƙalai ma'auni. Babban mutum da ya yi fyaɗe ya musa, aka tabbatar masa, a fara lissafi daga shekara 5. Idan mutum biyu ko fiye ne suka haɗu, ko an fasa gida an iske matar a inda take zaune, ko mai laifin yana da amana a kanta, a fara daga shekara 8. Wanda kuwa ya mai da abin sana'a yana bin mata ɗaya bayan ɗaya, daga 15 zuwa sama.

Yanzu sai a lura da kwanakin. Wannan ma'auni ya fito a Fabrairu 1986. An shiga gidan limamin Ealing makonni biyu bayan haka. An yanke hukunci shekara guda bayan ma'aunin. Mutum biyu ne suka yi fyaɗen, kuma gida suka fasa, wato sharuɗɗa biyu na shekara 8 duk sun cika. Duk da haka aka ba su 5 da 3. Ana iya cewa alƙalin ya duba jimillar zaman da kowannensu zai yi ne, shekara 10 da shekara 8, ya raba ta yadda ya ga dama tsakanin laifuffukan, kuma lalle alƙalai suna yin haka. Amma rabon da kansa magana ne, kuma kowace mace a Ingila ta ji abin da aka faɗa mata. Mu da muke aikin koyarwa mun san wannan: komai kyawun tsarin ba da maki da aka rubuta, idan babu wanda zai sake duba takardun da malami ya yi wa maki, tsarin shawara ce kawai, mai so ya bi, marar so ya bari. Shari'ar Ealing ta nuna cewa haka ma'aunin Lord Lane yake.

Ba zan ce wannan shari'a ita kaɗai ta haifi sabuwar doka ba, domin tun kafin hukuncin gwamnati tana ta jujjuya batun. Abin da ta yi shi ne ta karya lagon masu cewa a tsaya kan faɗin ra'ayi kawai. A zamanin da Douglas Hurd yake Ministan Harkokin Cikin Gida aka zartar da Dokar Shari'ar Laifuffuka ta 1988, kuma sashe na 35 da na 36 na dokar suka soma aiki ran 1 ga Fabrairu 1989. Suka ba Antoni Janar ikon miƙa hukuncin babbar kotu ga Kotun Ɗaukaka Ƙara idan yana ganin sassaucin ya wuce kima, ita kuma kotun suka ba ta ikon soke shi ta yanke wanda ya dace. Wannan doka dai ita ce ta gyara wata ɓarakar da Ealing ta tona. A da sunan wadda aka yi wa fyaɗe ba ya samun kariya daga jaridu sai an gurfanar da wani, shi ya sa jaridar The Sun ta buga hoton Jill Saward kwanaki kaɗan bayan abin, idanunta kawai aka rufe. Daga 1988 kariyar ta koma tana farawa tun daga lokacin da aka kai ƙara.

Ƙofar da aka buɗe ƙarama ce, kuma da gangan aka yi ta haka. Wadda aka zalunta ba ta da ikon ɗaukaka ƙara da kanta, haka ma lauyan da ya gabatar da shari'ar. Kowa na iya rubuta wa ofishin Antoni Janar ya roƙi a duba, ko da shari'ar ba ta shafe shi ba, kuma roƙo ɗaya ya isa, amma shi ne zai yanke ko a je ko kada a je. A 1988 dokar ta gindaya kwana 28 daga ranar hukunci, in sun wuce shi ke nan. Da farko manyan laifuffuka kawai ta shafa, irin su kisa da fyaɗe da fashi. Sai a 1994 aka shigar da laifin taɓa mace ko yaro da nufin lalata, a 2019 kuma aka ƙara wasu, har da mallakar hotunan batsa na yara. Bugu da ƙari, a da kotun ta saba rage wani abu daga sabon hukuncin, saboda zullumin da mai laifin ya shiga na jiran hukunci karo na biyu. Wannan shi ne ladan da aka biya tsohuwar ƙa'idar nan ta shari'a sau biyu.

Lord Lane da kansa ya zana iyakar a wata shari'a ta 1989. Ya ce ba ya isa a ce alƙalan sama da su ne da sun yanke fiye da haka. Sai hukuncin ya fita daga da'irar abin da alƙali mai hankali, wanda ya duba dukkan abin da ya kamata, zai iya ɗauka daidai ne. Ya ƙara da cewa sassauci a kan kansa ba aibi ba ne, kuma gauraya adalci da jinƙai abu ne mai tushe a shari'a kamar yadda yake da tushe a adabi. Marubuta za su gane cewa wasan Shakespeare na ɗan kasuwar birnin Venice yake nufi. Ni dai wannan jawabi ya burge ni, domin mutumin da ya fi kowa matsa wa alƙalai su ɗaure masu fyaɗe shi ne kuma ya tsaya ya hana a mai da jinƙai laifi.

To, wane irin hukunci ne ya faɗa bayan wannan iyaka? A 1993, a garin Newport na yankin Wales, wani yaro ɗan shekara 15 ya yi wa 'yar makarantarsu, sa'arsa, fyaɗe. Alƙali John Prosser bai tsare shi ba. Ya ce a sa masa ido na shekara uku, kuma a biya yarinyar fam 500 ta tafi hutu ta huce. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji mai 'yan mata masu wannan shekaru ya san abin da wannan magana take nufi ga yarinyar da za ta koma makaranta kowa yana kallonta. A wannan karon akwai ƙofa. Antoni Janar ya miƙa shari'ar, kuma cikin makonni Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin tsarewar shekara biyu.

Shekara ashirin bayan haka, a 2013, aka sami shari'o'i biyu a jere. Stuart Hall, tsohon mai gabatar da shirye-shirye a BBC, yana da shekara 83, ya amsa laifi 14 na lalata da 'yan mata 13, ƙaramarsu 'yar shekara 9, tun daga 1967 har cikin shekarun 1980. Aka ba shi wata 15. Antoni Janar Dominic Grieve ya je kotu da kansa, aka ninka zuwa wata 30. Daga cikin abin da alƙalan suka riƙe har da cewa kafin ya amsa laifin ya tsaya gaban 'yan jarida ya ƙaryata matan a bainar jama'a. Ta biyun ta fi tayar da hankali. Wani mutum mai shekara 41 ya yi lalata da yarinya 'yar 13, sai lauyan gwamnati da kansa, wanda ya kamata ya tsaya mata, ya siffanta ta da mai farautar maza, alƙali kuma ya maimaita, ya ba mutumin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. A watan Oktoba Babban Joji Lord Thomas ya mayar da shi ɗaurin shekara biyu, ya kuma bayyana cewa yarinyar da aka ce ita ta kai kanta ta fi kowa bukatar kariyar doka, rauninta yana ƙara wa laifin nauyi ne.

Idan aka jera Ipswich da Ealing da Newport da wannan ta ƙarshe, za a ga abu ɗaya yana ta dawowa. A dukkansu alƙalin bai tsaya kan tausaya wa mai laifi ba, ya juya ya auna wadda aka zalunta: ita ma da laifinta, ko ba ta ji ciwo sosai ba, ko hutu zai warkar da ita, ko ita ta nema. Irin wannan ne kotun sama ta fi saurin rushewa, kuma a ra'ayina a nan ne amfanin dokar 1988 ya fi fitowa.

Akwai kuma inda ƙofar ta ƙi buɗuwa, kuma ya kamata a faɗa. A 2006, a birnin Cardiff, wani mutum da ya taɓa zaman kurkuku kan lalata da yarinya ya sace 'yar shekara uku ya ci zarafinta. Aka yi masa ɗaurin rai da rai, amma aka ce za a iya duba yiwuwar sakinsa bayan shekara 5 da kwana 108. Ministan Cikin Gida John Reid ya fito fili ya ce an yi sassauci, jaridu suka tasam ma alƙalin. Antoni Janar na lokacin, Lord Goldsmith, ya duba ya ƙi miƙa shari'ar. Dalilinsa shi ne alƙalin bin ƙa'ida ya yi: ya fara daga shekara 18, ya cire kashi ɗaya cikin uku saboda mutumin ya amsa laifi, ya raba sauran biyu kamar yadda doka ta ce, ya cire kwanakin da ya riga ya yi a tsare. In akwai aibi, a ƙa'idar yake, kuma gyaran ƙa'ida ba aikin wannan kotu ba ne. Mutane da yawa ba su ji daɗi ba, amma wannan ne ya nuna cewa abin da masu hamayya suka ji tsoro a 1985, wato ihun jama'a ya zama hukunci, bai samu yadda suka zata ba. Alƙaluman 2017 ma sun nuna ƙanƙantar ƙofar: roƙo 943 ya isa ofishin Antoni Janar kan kowane irin laifi, 173 aka miƙa wa kotu, 137 aka ƙara wa hukunci, a ƙasar da babbar kotu ke yanke dubban hukunce-hukunce kowace shekara.

Ita kuwa shari'ar da ta tura keken, dokar ba ta waiwaye ta ba, don ba ta aiki a kan abin da ya gabace ta. Masu fyaɗen Ealing shekara 5 da 3 ɗinsu suka tsaya a rubuce. A 1990 Jill Saward ta yafe kariyar sunan da doka ta ba ta, ta fito da fuskarta ta rubuta littafi kan abin da ya same ta, ita ce mace ta farko a Ingila da ta yi haka. Ta shafe sauran rayuwarta tana horar da 'yan sanda da alƙalai da neman gyaran dokoki. A 1998 ta zauna da jagoran ɓarayin nan da ya sha shekara 14, ta ce ta yafe masa. Alƙali Leonard kuwa, lokacin da zai yi ritaya a 1993, ya nemi gafararta a bainar jama'a, ya ce hukuncin tabo ne a tarihin aikinsa. Ta rasu a watan Janairu na 2017 tana da shekara 51.